Tunani Kaɗai Zai Iya Kawo Kare Gida?

Akwai wata koyarwa da ta daɗe tana yawo a ƙasashen Turawa, yanzu kuma tana isowa ƙauyukanmu ta wayar hannu, da littattafan da ɗalibai ke dawowa da su daga birni, wani lokaci ma ta bakin mai wa'azi. Koyarwar ta ce duk abin da mutum yake so, idan ya rufe ido ya hango shi a zuciyarsa kamar ya riga ya samu, ya kuma hana kansa yin shakka, to abin zai zo ya same shi har gida.

Masu yaɗa ta suna son kafa hujja da labarin yara da karnuka. Labarin kusan iri ɗaya ne kullum. Yarinya a Amurka ko Ingila tana marmarin ɗan kwikwiyo, iyayenta sun ƙi. Sai ta zana hotonsa ta manna a bango, ta raɗa masa suna, ta ajiye kwanon abincinsa a ƙofar ɗaki, kowane dare kafin ta yi barci tana ganin kanta tana wasa da shi. Bayan 'yan watanni sai ga kare a gida. Sai a ce tunaninta ne ya jawo shi.

Mun ɗauki misalin kare domin ƙaramin abu ne, kowa zai iya bin sawunsa daga farko har ƙarshe. Amma koyarwar ba ta tsaya a kan kare ba. Da ita ake yi wa mutane alkawarin saniya, da injin niƙa, da aikin gwamnati, da haihuwa, da warkewa daga ciwo. Idan muka gane yadda karen ya shigo gidan, za mu san abin da za mu amsa ranar da aka zo mana da manyan alkawaran.

Daga ina koyarwar ta fito?

Ba sabuwa ba ce. Tushenta yana Amurka, wurin wani mai gyaran agogo a jihar Maine, Phineas Quimby, wanda ya rasu a 1866. Shi ya riƙa koyar da cewa ciwo daga kuskuren tunani yake fitowa, idan an gyara tunanin jiki zai warke. Waɗanda suka biyo bayansa suka faɗaɗa maganar, daga lafiya ta koma kan dukiya. A 1952 wani fasto a birnin Niyok, Norman Vincent Peale, ya fitar da littafi a kan ikon kyakkyawan tunani, ya haɗa koyarwar da ayoyin Littafi Mai Tsarki, ta haka ta sami ƙofar shiga majami'u da yawa.

A 2006 wata mai shirya shirye-shiryen talabijin a Ostireliya, Rhonda Byrne, ta fitar da fim da littafi mai suna The Secret, wato Asirin. An sayar da miliyoyinsa, an fassara shi cikin harsuna da dama. Abin da littafin ke koyarwa shi ne wai akwai wata doka a duniya da ke sa tunani ya jawo irinsa, kamar yadda maganaɗisu ke jawo ƙarfe. Matakai uku ne: ka nema, ka gaskata, ka karɓa. Wanda ake nema daga wurinsa kuwa ba Allah Uba ba ne, sararin duniya ne, wanda a koyarwarsu ba ya zaɓe, ba ya ƙi, abin da tunaninka ya aika masa shi yake mayar maka.

A cikin fim ɗin akwai wani yaro da ke marmarin keke. Yana ta kallon hoton keken, yana ta tunaninsa, rana ɗaya ya buɗe ƙofa sai ga wani dattijo tsaye da keken. Fim ɗin bai tsaya ya nuna mana inda dattijon ya samo kuɗin ba.

To, wa ya kawo karen?

Mu koma wurin yarinyar nan. A Amurka samun kare ba wuya ba ne. Miliyoyin karnuka ne ke shiga gidajen ajiye dabbobin da ba su da mai su kowace shekara, ana neman wanda zai ɗauke su. Abu ɗaya ne ya tsaya tsakanin yarinyar da kwikwiyo, shi ne yardar iyayenta. Yarinyar da ta manna hoto a bango, ta ajiye kwano a ƙofa, ta yi wata uku ba ta da zance sai na kare, ba sararin duniya ta aika wa saƙo ba. Uwarta ta aika wa, wadda ke wucewa ta gaban kwanon nan safe da yamma. Kakarta ta ji, ƙanin babanta ya ji, maƙwabcin da karyarsa ta haihu shi ma ya ji. Wani daga cikinsu ne zuciyarsa ta yi laushi. Ƙauna ce ta kawo karen, ƙaunar mutumin da ke da suna da fuska, wanda ya kamata a yi masa godiya.

Akwai kuma yaran da ba mu jin labarinsu. Wanda ya zana hoto, ya ajiye kwano, ya rufe ido kowane dare, amma mai gidan hayarsu ya hana ajiye dabba, ko babansa ya rasa aiki, ba wanda ke rubuta labarinsa a littafi. Haka yake a wurinmu. Wanda ya ci cacar ƙwallo duk kasuwa za ta ji, ɗari da suka yi asara kuwa sai su koma gida shiru.

Abin da masu bincike suka gano

Masana halayyar ɗan Adam sun gwada wannan magana, sakamakon kuwa ya ba mutane da yawa mamaki.

A 1999 wasu masu bincike biyu a jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis, Lien Pham da Shelley Taylor, suka wallafa gwajin da suka yi da ɗalibai masu shirin jarrabawa. Wasu an ce su ɗauki 'yan mintoci kowace rana suna hango kansu sun ci jarrabawar da maki mai kyau, suna murna. Wasu kuma an ce su hango kansu suna karatun: inda za su zauna, da lokacin da za su fara, da yadda za su buɗe littafi su kawar da abin da zai ɗauke musu hankali. Waɗanda suka hango aikin sun fi yin karatu, sun kuma fi samun maki. Waɗanda suka hango murnar kawai ba su ci ribar kome ba.

Wata Bajamushiya mai suna Gabriele Oettingen, malama a jami'ar Niyok, ta yi shekaru fiye da 20 tana bin wannan batu. A wani binciken da ta wallafa a 2002 tare da abokiyar aikinta, sun bi ɗaliban da ke gama jami'a suna neman aiki. Bayan shekara biyu, waɗanda suka fi yawan mafarkin ido biyu a kan aiki mai daɗi su ne suka fi ƙarancin aika takardun neman aiki, suka fi ƙarancin samun tayi, albashinsu kuma ya fi ƙanƙanta. Bayaninta shi ne, idan mutum ya daɗe yana jin daɗin abu a zuciyarsa kamar ya riga ya samu, sai jikinsa ya saki, kuzarin tashi nema ya ragu. Kamar manomin da ya kwanta a inuwa yana ƙirga buhunan masarar da bai shuka ba.

Amma ta bambanta abu biyu, bambancin kuma yana da amfani a gare mu. Mutumin da ke sa rai zai yi nasara domin ya taɓa yin irin aikin ya ga ya iya, wannan sa ran yana taimakonsa. Abin da ke cutarwa shi ne mafarkin da bai taɓa duban hanya ba. Don haka kada wani ya ce mun hana mutane kyakkyawan zato. Mai baƙar zuciya, wanda kullum yake cewa ba za a iya ba, shi ma gonarsa ba ta nomuwa.

Hanyar da ta ga tana aiki, wadda ta bayyana a littafinta na 2014, mai sauƙi ce. Ka faɗi abin da kake so. Ka hango alherin da zai zo idan ka samu. Nan take kuma ka juyo ka dubi abin da ya tare hanya, ka kira shi da sunansa. Daga nan ka yanke shawara: idan abu kaza ya faru, zan yi kaza. Ta kuma lura da wani abu. Wanda ya bi wannan hanya, idan abin mai yiwuwa ne sai ƙarfinsa ya ƙaru. Idan kuwa ba mai yiwuwa ba ne, sai ya gane da wuri, ya sake shi, ya juya ga wani abin. Duka biyun riba ce.

Addu'a roƙo ce, ba umarni ba

Nan ne maganar ta fi shafarmu a matsayin masu bi, domin masu wannan koyarwa suna ɗauko ayoyi. Sukan kawo Matiyu 21:22 da Markus 11:24, inda Ubangiji Yesu ya yi magana a kan roƙo da bangaskiya. Ayoyin gaskiya ne, ba ma musun su. Amma bangaskiyar da ake nufi a wurin dogara ce ga Allah, ba dogara ga ƙarfin tunaninmu ba. Wasiƙar Yahaya ta fari, 5:14, ta nuna cewa roƙon da yake ji shi ne wanda ya yi daidai da nufinsa. Manzo Bulus ya roƙa har sau uku a cire masa abin da ke damunsa a jiki, ba a cire ba, aka ba shi alheri ya jimre. A Getsamani Ubangijinmu da kansa ya faɗi abin da yake so, ya kuma miƙa shi ga nufin Uban. Wa zai ce Bulus ko Yesu sun gaza ne wajen hangen abin da suke so?

Sukan kuma kawo Karin Magana 23:7, su ce tana nufin mutum yana zama abin da yake tunani. Ku buɗe ku karanta daga aya ta 6 zuwa ta 8. Gargaɗi ne a kan cin abincin marowaci, wanda bakinsa ke cewa ka ci, zuciyarsa kuwa tana ƙirga lomarka. Babu zancen jawo dukiya da tunani a wurin.

Idan muna neman misalin mutumin da ya yi marmarin abu ƙwarai ya kuma samu, mu dubi Nehemiya. Ya yi kuka, ya yi azumi, ya yi addu'a saboda garun Urushalima. Da sarki ya tambaye shi abin da yake so, amsarsa a shirye take: izinin tafiya, da wasiƙu zuwa ga masu mulkin hanya, da katako daga kurmin sarki. Da ya isa, ya fita da dare ya zaga ya dubi ɓarnar da idonsa, har ya kai inda dabbar da yake kai ba ta iya wucewa. Bai rufe ido ga kangon ba. Abin da Yesu ya koyar ke nan a Luka 14:28-30, cewa mai shirin gini ya fara zama ya yi lissafin abin da ginin zai ci.

Abin da ya fi damunmu da wannan koyarwa shi ne bayanta. Idan tunani ne ke jawo duk abin da ke samun mutum, to wanda ambaliya ta cinye gonarsa shi ya jawo wa kansa. Gwauruwar da ba ta da kuɗin makarantar 'ya'yanta, tunaninta ne ba kyau. Matar da ta yi shekara goma ba haihuwa, ita ce ba ta gaskata sosai ba. Abokan Ayuba sun yi irin wannan lissafi, Allah kuwa ya tsauta musu. Almajirai ma sun tambayi Yesu laifin wa ya sa aka haifi wani makaho, ya ce ba nasa ba ne, ba kuma na iyayensa ba. A aikinmu na agaji, ranar da ikkilisiya ta yarda cewa matalauci shi ya tunano talaucinsa, ranar ce za ta daina auna masa hatsi. Yakubu 2:15-16 ya riga ya yi maganar wanda ke sallamar mayunwaci da fatan alheri ba tare da ya ba shi kome ba.

Yaro ma yana iya jin rauni a nan. Idan aka ce masa ya gaskata sosai kare zai zo, karen kuma bai zo ba, ɗaya cikin biyu zai ɗauka: ko shi ne ba shi da bangaskiya, ko Allah ba ya ji. Ba ma so ɗan shekara tara ya tashi da ko ɗaya daga cikinsu.

Idan ɗanka ya ce yana son kare

A ƙauyukanmu kare ba na kwana a kan gado ba ne kamar na Turawa. Yana gadin gida, yana korar birai daga gona, yana raka samari farauta. Amma ƙaunar yaro ga ɗan kwikwiyo iri ɗaya ce ko'ina. Idan yaro ya zo ya ce, “Baba, ina son kare,” kada a kore shi, kada kuma a ce ya je ya yi ta mafarki. A zaunar da shi. A bar shi ya faɗi irin karen da yake so, da kalarsa, da sunan da zai sa masa. A yi addu'a tare da shi, ya roƙi Allah a fili kamar yadda ɗa ke roƙon ubansa. Sa'an nan a ce, “To, ɗana, me karen zai ci?”

Wannan tambaya ita ce ta farko, domin kare da aka kula da shi yana iya kai shekara goma ko fiye, kullum kuma sai ya ci. Ragowar tuwo da ƙanzo suna taimakawa, amma kwikwiyo mai girma yana bukatar abin gina jiki, kamar kan kifi, ko ɗan wake da aka dafa, ko abin da mahauci ya rage. Yana bukatar ruwa mai tsabta a kwanonsa na kansa. Albasa mai yawa tana yi wa kare illa a jini, dafaffen ƙashin kaza kuma yana tsagewa ya soke shi a ciki. A watan Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, wa zai rage lomarsa saboda kare? Gidan da bai amsa wannan ba, karensa zai koma bin juji da kama kajin maƙwabta, daga nan sai rigima.

Maƙwabta ma suna cikin lissafi. Da yawa daga maƙwabtanmu Musulmi ba sa son kare ya sa baki a ƙwaryarsu ko ya kusanci wurin sallarsu. Wanda zai ajiye kare sai ya tanadi wurin kwanansa mai inuwa a cikin gida, ya kuma san yadda zai hana shi yawo. Zaman lafiyar unguwa ya fi kare tsada.

Samun kwikwiyon shi ne mafi sauƙi. Karya tana ɗaukar ciki kamar kwana 63. Yaron zai iya zuwa da kansa ya gaishe da mai karyar, ya roƙa a ajiye masa ɗaya, ya kuma tambaya ko da wani aiki da zai yi a madadin kuɗi. Kada a raba kwikwiyo da uwarsa kafin ya cika mako takwas. A zaɓi wanda aka san uwarsa, aka ga tana da lafiya, ba wanda aka tsinta a hanya ko aka saya hannun baƙo ba. Cikin wata biyun nan na jira, yaron yana da aiki: ya gyara wurin kwanan, ya nemo kwano, ya fara tara 'yan kuɗin magani a asusu. Idan yana son rufe ido ya yi hange, ya hango kansa yana tashi da sassafe yana zuba wa karen ruwa, yana cire masa kaska, yana share kashinsa daga inda ƙannensa ke wasa. Karin Magana 12:10 ta sa kula da dabba cikin halayen mai adalci.

Wani lokaci lissafin zai nuna cewa bana ba zai yiwu ba. A gaya wa yaron gaskiya, a faɗa masa dalilin, a kuma sa masa lokaci, misali bayan girbi. Uwa za ta iya ba shi kaza ɗaya ya kula da ita tukuna. Idan ya riƙe ta da kyau har ta yi 'ya'ya, ya sami kuɗin allurar karensa, iyaye kuma sun ga ko zai iya.

Allurar haukan kare

Wannan ba abin da za a bari sai an sami hali ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutane kusan 59,000 kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya. Kusan duk waɗanda suka kamu daga kare suka samu, kimanin kashi 40 cikin 100 kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, domin su ne ke wasa da karnuka, su ne kuma ke ɓoye cizo don tsoron faɗa. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, kusan ba mai tsira. Amma ana iya hana shi gaba ɗaya.

A yi wa kwikwiyo allura idan ya cika wata uku, a riƙa maimaitawa kowace shekara, ko yadda likitan dabbobi ya faɗa. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom, a jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu yin wannan allura. A tambayi ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma. Masana sun ce idan aka yi wa karnuka bakwai cikin kowane goma na gari allura, ciwon yana daina yaɗuwa a tsakaninsu. Don haka ya fi kyau dattawan ikkilisiya su yi magana da mai unguwa, a haɗa kuɗi, a gayyato malamin dabbobi rana ɗaya ya yi wa karnukan ƙauye duka. Kowace shekara ana tunawa da wannan ciwo a duniya ranar 28 ga Satumba, ana iya sa ranar kusa da lokacin.

A koya wa yaron tun kafin karen ya zo cewa idan kare ya cije shi ko ya yage shi, ko nasa ne ko na wani, ya faɗa nan da nan, ba wanda zai doke shi. A wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a kai shi asibiti a ranar domin allurar mutane, ko da ciwon ƙarami ne. A yi masa addu'a a hanya, amma kada a tsaya gida ana jiran a ga abin da zai faru, domin ciwon yakan yi wata biyu ko uku a ɓoye kafin ya nuna kansa. Karen da ya yi cizon a tsare shi a sa masa ido kwana goma, a sanar da malamin dabbobi. Takardar shaidar allurar karenku kuma a ajiye ta inda ake ajiye katin rigakafin yara, domin ranar da ya ciji ɗan maƙwabci, ita za a fara tambaya.